Katin Huseina

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta matsalolin manhaja, amma ga shi tun shafin farko kaina nake rubutawa. Sati uku ke nan da dawowata gida Ƙofar Gayan. Inna ta ba ni ɗakin da ke kusa da rijiya. Batul, autarmu, ta share shi ta shimfiɗa mini sabon zane, ta ce ma'aikaciyar Abuja ba ta kwana a ƙura.

Aikin da ya dawo da ni shi ne wanda na shekara biyu ina zanawa: kowane ɗan ƙasa ya sami fayil ɗaya na lafiyarsa a kwamfuta, da lamba ɗaya. Ko a Zariya ya kwanta ciwo ko a Fatakwal, likita ya buɗe ya ga tarihinsa. Ƙananan asibitoci huɗu na cikin birni aka zaɓa a gwada. Oga Suhail, shugaban aikin, kullum cewa yake idan ya yi kyau a nan, jiha jiha za a bi da shi.

Yau muka gama shigar da tsofaffin katunan asibitin unguwarmu, dubu shida da wani abu. Malama Ramatu, babbar nas, ta kawo mana ƙosai. Ita ta yi mana allurar rigakafi muna yara. Har yanzu 'yar biyu take kirana.

An yi ruwa tun azahar.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

Lamba 0417.

Talata, bayan azahar

Ban neme ta ba. Ina duba jerin waɗanda suka karɓi magani makon jiya ne, sai ga sunan a layi na tara. Sunan mahaifinmu a bayansa, Mika'ilu. Adireshin gidanmu. Ranar haihuwata, tunda rana ɗaya aka haife mu, minti ashirin tsakani.

Shekara uku da wata huɗu ke nan da aka fita da ita daga gidan nan a makara.

Fayil ɗin ya ce ta zo ranar Alhamis da ta wuce. Ta ga likita, an auna ta, ta karɓi magani na sati huɗu.

Wani ne ya buga lamba ba daidai ba. Ana yin haka kullum.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Ba kuskuren lamba ba ne. Zuwa takwas ne, duk ranar Alhamis, duk bayan sati huɗu, ranar da likita ke zuwa daga babban asibiti. Na shiga ɗakin ajiyar fayiloli na zaro na takarda. Bangonsa ya koɗe, amma shafukan ƙarshe sabon biro ne. Ƙaramin katin da majiyyaci ke riƙewa a hannu, shi ne ba ya ciki. Yana wurin wani.

Na nemi sunan maganin a waya. Na farfaɗiya ne.

Ba ta taɓa farfaɗiya ba. Gado ɗaya muka kwana shekara ashirin da huɗu. Da na sani.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Na tari Malama Ramatu tana wanke hannu. Na ce, "Malama, akwai wani fayil da nake son ki duba mini."

Ta dubi lambar, ba ta karɓi fayil ɗin ba. Ta ce, "Katuna dubu shida, Hassana. Zan san kowa?"

Na ce ta karanta sunan.

Ta ce, "Masu suna iri ɗaya sun yi yawa a garin nan." Ta ci gaba da wanke hannun da ta riga ta wanke.

Kwana uku ta yi tana zuwa zaman makoki a gidanmu. Ita ta riƙe Inna.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan sallah

Mura ta kama ni, na sa takunkumi na tafi aiki. Ina wucewa ta tagar ɗakin magani sai Audu, mai ba da magani, ya ɗago kai ya ce, "Malama Huseina, ai ba ranarki ba ce yau. Ko ya ƙare ne?"

Ga shi na rubuta sunan.

Na tsaya. Da na sauke takunkumin sai ya dafe baki. "Yi haƙuri, Injiniya. Idon ne. Wallahi idon ne." Ya ce kullum da niƙabi take zuwa, ba ta magana, takarda kawai take miƙowa. Shekara biyu kacal ya yi a nan, bai san komai ba.

Na shiga banɗaki na dubi madubi. Idon ne.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Baƙi. Raihana ta zo, yayar Jamilu wanda zai auri Batul bayan damina. Shekara uku suna son juna, shi da ɗinkin rigunansa, ita da koyarwarta. Raihana tana aiki a ɗakin kati na asibitin Ƙofar Jatau, ɗaya daga cikin huɗun da muke gwadawa. Tana zama ta fara yabona.

"Yaya Hassana, abin nan naku sai dai a ce ma sha Allah. Suna kawai za ka buga, komai ya fito. Ran nan na buga na wata maƙwabciyarmu, ashe duk ramar nan da take cewa azumi ne..." Ta yi dariya, ba ta ƙarasa ba.

Na ce ba don haka aka yi shi ba. Ta ce ai ba ta faɗa wa kowa ba.

Batul ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Babu komai a wuta.

Ni na bar ƙofar a buɗe. Na ce duk ma'aikacin lafiya ya iya ganin komai, don kada a ɓata lokaci ranar gaggawa. An yi mini gardama a Abuja, na dage. Ina da dalilina.

Litinin, 14 ga Yuli, da asuba

Na yi mafarki muna tsifar kai. Ban san wace ce ni a cikinmu ba.

Talata, 15 ga Yuli, bayan magariba

Kaduna, ni da Batul, tun bakwai na safe. Labule, tukwane, zannuwan gado. Ta yi ta ciniki kamar tsohuwa, har wani mai shago ya ce a kawo masa ita ta riƙe masa shagon. Rabon da in yi dariya haka na manta. A mota ta yi barci a kafaɗata. Akwai tabo a gefen harshenta, na gani da take hamma. Ta ce cizo ne tana cin rake.

Yau ban buɗe kwamfuta ba. Na ji daɗi.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Akwai sabon zuwa. Jiya Talata, ƙarfe goma da minti arba'in da biyu.

Ba ranar likita ba ce. Ba a ba da magani ba. Gurbin sunan ma'aikacin da ya shigar babu komai, kuma manhajar ba ta karɓar bayani sai da sunan ma'aikaci. Ni na rubuta wannan dokar da hannuna.

Nauyi: kilo hamsin da huɗu. Sauran zuwan takwas duk sittin da ɗaya ne, sittin da biyu.

Abin da ke damunta: sanyi.

Laraba, bayan azahar

Na duba rajistar takarda ta bakin ƙofa. Mutum talatin da ɗaya suka zo jiya. Ba ta ciki.

Hamsin da huɗu nauyinmu ne kafin aurenta. Muna hawa ma'auni bi da bi muna dariya, allurar ba ta motsawa.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Ban taɓa tambayar Inna yadda ranar ta kasance ba. Ba na nan, kuma ban tambaya ba. Yau tana tankaɗe na zauna kusa da ita na ce, "Inna, me ta ce a ƙarshe?"

Ba ta tambaye ni wa ba. Ta daɗe tana girgiza rariya. Sai ta ce, "A cikin keke napep ne, a hanyar asibiti. Ta ce, Inna, rufe ni, sanyi nake ji. Rana tsaka, watan zafi."

Sai ta ce, "Me ya kawo wannan?"

Na ce babu komai.

Asabar, 19 ga Yuli

Ruwa. Katangar gidan Alhaji Ɗahiru ta zube cikin lungu. Ba wanda ya ji rauni.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Ina ta lura da abubuwa a gidan nan, ban san me ya sa ba. An sa wa rijiya murfin ƙarfe da kwaɗo, kuma makullin a wuyan Inna yake. Batul ba ta jan ruwa, ita da take gasa da maza. Idan ta shiga wanka Inna kan ɗauki kujera ta zauna kusa da ƙofar tana jan carbi. Na ce, "Inna, amarya kike gadi?" Ta ce iska take sha.

Tsufa ne. Wanda ya rasa ɗaya yakan riƙe sauran da ƙarfi.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Tsoro ya gajiyar da ni, yau fushi na tashi da shi. Wani yana yawo da sunanta. Wani yana ɗibar maganin gwamnati da sunan wadda ba za ta iya cewa ba ni ba ce. Matattu ba sa zuwa awo. Ni injiniya ce.

Na rubuta rahoto na aika wa Oga Suhail: fayil na mamaciya yana karɓar magani wata takwas. Ban ce 'yar'uwata ba ce. A wurin aiki da sunan kakanmu aka san ni, ba zai haɗa ba.

Minti goma ya kira. Murna ce a muryarsa. "Hassana, kin ga amfanin abin nan? Da takarda ce wa zai gano? Wannan shi za mu nuna wa manya." Ya ce za a kulle fayil ɗin, kada a sake ba da ko ƙwaya ɗaya a kansa, kuma a binciki wanda ke sa hannu.

Na san wanda ke sa hannu. Na sani tun kafin in aika.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan azahar

An dakatar da Malama Ramatu. Shekara talatin da ɗaya tana aiki.

Na same ta tana zuba kayanta a leda: kofin shayi, sallaya, wani tsohon agogo. Na ce, "Malama, da kin gaya mini gaskiya."

Ba ta yi fushi ba, shi ne ya fi ciwo. Ta ce, "Amana ce aka ba ni, 'yar biyu. Ba tawa ba ce da zan ba ki." Ta ɗaure bakin ledar. A bakin ƙofa ta juyo. "Kin tambayi kanki wa ke sata. Ba ki tambayi kanki wa ke tsoro ba."

Na ce tsoron me?

Ta nuna kwamfutar da ke kan tebur da haɓarta, ta fita.

Juma'a, 25 ga Yuli

A gida na faɗi labarin Malama Ramatu muna cin tuwo. Inna ta cire hannu. Batul ta tambaye ni, idan an kulle fayil, har yaushe? Na ce har abada. Ta ce to.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Ba sabon zuwa. Ina buɗewa sau ashirin a rana. Ban san ko so nake in gani ba ko kada in gani.

Laraba, 30 ga Yuli

Gobe sati huɗu ke cika.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan la'asar

Na ce zan zauna kusa da tagar Audu in ga mai zuwa da idona. Na zo tun bakwai. Na zauna a benci tare da masu jira. Da tara ta yi sai ƙafafuna suka ɗauke ni suka kai ni ɗakin fayiloli, na rufe ƙofa. Na zauna a ƙasa tsakanin kantoci. Idan na ɗago niƙabin na ga fuskata fa?

Ƙarfe goma saura kwata kwamfutar hannuna ta yi ƙara. An gabatar da kati 0417. An ƙi.

Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina jin muryar nas ɗin da ta maye gurbin Malama Ramatu tana cewa a jira, a zauna, akwai tambayoyi. Ban ji amsa ba. Na ji takalmi, sauri sauri, har ya ɓace.

Audu ya ce koren hijabi ne a jikinta, kuma da gudu ta bar katin a kan tebur. Ya miƙo mini. Ya yi laushi don riƙo. A bayansa akwai rubutunta, lambar wayata ta da, da kalma ɗaya: Hassana. A gurbin wanda za a kira idan wani abu ya faru.

Alhamis, da magariba

Akwai koren hijabi a kan igiya, a jiƙe. Ba a yi wanki yau ba.

Rabin matan Zariya suna da koren hijabi.

Asabar, 2 ga Agusta

Batul ba ta je makaranta jiya ba. Ciwon kai.

Lahadi, 3 ga Agusta, da hantsi

Na ga Inna tana ba yaron maƙwabta takarda ya kai kemis. Ya dawo ya ce sun ce sai da takardar likita. Ta ce mini maganin ƙafa ne.

Zan tambaya. Gobe zan tambaya.

Litinin, 4 ga Agusta

Ban tambaya ba.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar, a babban asibiti

Zan rubuta yadda ya faru.

Jiya da safe ina ɗaura ɗankwali na ji wani irin ihu daga kicin, ba kamar na mutum ba, gajere, sai ƙarar tukunya. Na fito da gudu. Batul tana ƙasa, jikinta ya sandare yana fizga, idonta ya juye, kumfa a bakinta. Kaskon mai ya kife, hannunta na hagu yana cikin man.

Ni na tsaya ina kiran sunan Allah. Inna ce ta ture ni. Tsohuwar da ke kukan gwiwa ta ja ta daga wurin wuta, ta juya ta kan gefenta, ta cire mayafi ta tura ƙarƙashin kanta, ta ce, "Kada ki sa mata komai a baki. Kawo ruwa ki zuba a hannun. Duba agogo." Babu rawa a muryarta. Ta saba.

Minti huɗu. Sai ta lafa. Kafin mu sami keke ta sake wani.

A cikin keken Inna tana rungume da ita, ba ta dube ni ba ta ce, "Ni na ba ta katin."

Ta ci gaba.

"Tun bara ciwon ya fara mata. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, bai bari ba. Ramatu ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana da magani, a kawo ta. Sai aka ce za a zuba sunan kowa a kwamfuta, ko'ina a gani. Yarinyar nan ta ce gara ta mutu da Raihana ta buga sunanta. Kin san abin da ake cewa. A ce ana ɗauka, a ce ana gado, a ce kada a ci abinci da ita. Sai na tuna katin yana cikin akwatina." Ta gyara wa Batul kai. "Na ce 'yar'uwarta ce. Ba za ta hana ta ba."

Na ce, "Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Ta ce, "Ke ce kwamfutar."

A tagar kati aka ce, suna? Inna ta dube ni. Na ce Batul Mika'ilu. Nan ba ya cikin asibitocinmu huɗu. Takarda suka ciro.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

An ce hannun zai warke, amma tabon zai zauna, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. An mayar da ita kan maganin. Likitan ya ce katse shi kwatsam ne ya jawo. Ya tambayi wa ya hana ta. Batul ta ce ƙarewa ya yi.

Da Inna ta fita alwala na ce ta yafe mini. Ta ce, "Yaya, ni ma na ba ki tsoro. Ina ganinki kina ramewa, na kasa." Muka yi kuka kaɗan.

Sai na ce, "Wancan zuwan na ranar Talata fa? Wa kika aika?"

Ta ce wace Talata?

Na ce sha biyar ga wata.

Ta ce, "Ai muna Kaduna." Katin ma yana cikin jakarta ranar, ta ce, a aljihun ciki. Jakar da na riƙe mata tana gwada takalmi.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan sallah

Na je gidan Malama Ramatu. Na durƙusa a tsakar gidanta. Ta ce in tashi, ƙasa a jiƙe take. Ta tambayi hannun Batul, ta ce kada a bari a shafa masa komai na gida.

Na nuna mata zuwan Talata. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta rantse ba ita ba ce, kuma ranar ita ce a kan ma'auni tun safe har tashi.

Ta ce, "Ki yi mata sadaka."

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe biyu

Da izinin Batul na kira Oga Suhail na faɗa masa komai, ban ambaci sunanta ba. Na ce babu ɓarawo. Na ce mamaciyar 'yar biyuna ce. Ya ce Allah ya ji ƙanta, me ya sa ban faɗa ba.

Na ce abu uku nake so. A mayar da Malama Ramatu. A rufe ƙofar da na bari a buɗe: mai ɗakin kati ya ga suna da lamba kawai, likitan da majiyyaci ke gabansa shi zai ga sauran, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin mutum, saƙo ya je wayar mai shi da sunan wanda ya buɗe. Na uku, wanda ya zo da katin wani saboda tsoro a ba shi nasa, kada a hana shi magani.

Ya ce wannan zai mayar da mu baya wata uku, kuma an riga an sa ranar taro da manya. Na ce to a yi taron ba da ni ba, kuma zan faɗi dalili. Mun yi sa'a ɗaya. Ya yarda da na biyu da na uku. Maganar Malama Ramatu ya ce ta fi ƙarfinsa, ta sa hannu a kan ƙarya sau takwas, sai abin da kwamiti ya ce. Zan je gaban kwamitin.

Zuwan Talata kuwa ya ce tangarɗar intanet ce, bayanin wani ya faɗa fayil ɗin wani. Na ce na duba asibitocin huɗu, babu wanda aka auna a wannan mintin. Ya ce, "Hassana, ki huta."

Laraba, 13 ga Agusta

Batul ta kira Jamilu ta faɗa masa da bakinta. Ta ce abin da ya ce kawai shi ne zai kira ta.

Juma'a, 15 ga Agusta

Bai kira ba. Ta daina duba wayar, ta ba ni in ajiye.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Ya zo. Ya zauna a zaure ya fi sa'a kafin ya aiko. Gidansu sun ce a ɗaga biki sai an ga yadda hali zai yi. Shi ya ce ya je ya sami likitan da kansa, ya yi tambayoyi har likitan ya gaji. Ya roƙi Inna ta koya masa abin da ake yi idan ya taso. Ta kwantar da filo a tabarma ta nuna masa yadda ake juyawa. Yana ta maimaitawa, gumi yana zuba.

Ban san yadda za ta ƙare ba. Batul ta ci abinci.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

An buɗe wa Batul nata fayil yau, bayan an rufe ƙofar. Saura in rufe ɗayan. Ban so in yi a ofis ba, na kawo kwamfutar gida na zauna a ƙofar ɗakin Inna. Na cire zuwa takwas na mayar wa mai su. Na Talata na bar shi inda yake, ban san na wa zan ba ba.

Inna ta ce, "Me aka rubuta a kanta? Karanta mini."

Na karanta. Ranar da ta fara zuwa awon ciki. Tsayinta. Allurar da aka yi mata. Wata rana an rubuta tana yawan dariya, an kasa jin bugun jariri sai da ta yi shiru. Rubutun Malama Ramatu ne. Inna ta yi murmushi.

Sai na zo layin da nake tsallakewa tun ranar farko. Rukunin jininta. Irin wanda ba a cika samu ba.

Inna ta ce, "Shi ne suka yi ta tambayata a babban asibiti, jini yana ta zuba. Na ce ban sani ba. Suka ce a kawo fayil, aka je asibitin unguwa, Lahadi ce, a kulle. Suka ce sai sun gwada, sannan a nemi mai irinsa." Ta dubi allon kamar tana iya karantawa. "Ashe a rubuce yake."

Na ce, "Irin nawa ne, Inna. Kira goma sha ɗaya kuka yi mini. Ina kan aiki, na kife wayar."

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na jira.

Ta ce, "Na sani. Ni na kira." Ta ɗora hannunta a bayana. "Daga Abuja awa nawa ne? Ko a kira na farko kika ɗauka, da ba ki iso ba. Na lissafa, Hassana. Shekara uku ina lissafawa."

Na buga ranar rasuwar. Manhajar ta fito da tambayar da ni na rubuta mata: an tabbata? Yatsana ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.

Inna ta ce, "Ina ne?"

Na nuna mata. Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Ta goge yatsanta a zane, ta yi bisimilla, ta danna a hankali. Sunan ya koma launin toka.

Ta ce, "Allah ya kai haske kabarinki." Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce in kawo ruwan ɗumi, lokacin wanke hannun Batul ya yi.